Charles Goodyear: mutumin da injin jirgi ke zaune a kan wahalarsa

Wata huɗun da na yi ina SIWES a wata rumfar gyaran ƙananan jirage, babban aikina shi ne riƙe tocila da miƙa sifana. Ɗalibin ND ba a barinsa ya ɗaura ko noti ɗaya a jikin jirgi, kuma gaskiyarsu ne. To wata safiya sai injiniyan da nake ƙarƙashinsa ya tsayar da ni a gaban wani jirgin koyon tuƙi mai kujera huɗu, ya ce in dubi hancinsa da kyau in faɗa masa abin da na gani. Na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba sai fenti. Sai ya ɗora yatsa daidai inda hular farfela ta haɗu da murfin injin. Ashe hular ta ɗan sunkuya, ta sauka ƙasa da layin murfin, tazarar ma ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba. Ya ce injin ne ya zauna, robobin da ke ɗauke da shi sun gaji.

Da aka cire murfin na gan su. Wuri huɗu ne a bayan injin, kowane da baƙar roba da ba ta fi tafin hannu ba, an matse ta tsakanin faifan ƙarfe, bol ɗaya ya ratsa ta tsakiya ya kama firam ɗin bututun ƙarfe da ke jikin jirgin. Abin da kanikawan mota a gareji ke kira injin sit ke nan. Injin Lycoming ne mai silinda huɗu, nauyinsa ya haura kilo 100, ƙarfinsa doki 160, shi ke jan jirgin da mutanen ciki, amma abin da ya haɗa shi da jikin jirgin roba ce. Wallahi sai da na ji wani iri. Daren ranar na fara neman wanda ya fara sa roba ta zama abin da za a amince wa har haka, sai na faɗa kan sunan da duk muka saba gani a jikin taya: Goodyear. Na ɗauka wani attajiri ne mai kamfani. Ashe mutumin ya mutu da bashi a wuya, kuma kamfanin ma ba nasa ba ne.

Kafin in shiga tarihinsa bari in faɗi aikin da robar nan ke yi, don 'yan Akanta da 'yan Mas Kom su ma su gane inda na dosa. Idan jirgin na tafiya a sama injin na juyawa kamar sau 2,400 a minti, wato sau 40 a daƙiƙa. A kowane juyi silinda biyu ne ke tashi, ke nan bugu 80 a daƙiƙa ɗaya. Kowane bugu yana so ya murɗa injin gefe, ga farfela ita ma da tata jijjigar. Da a ce ƙarfe da ƙarfe aka haɗa, duk wannan zai bi firam ya shiga jikin jirgin: fatar alminiyon ta fara tsagewa a bakin ƙusoshi, walda ta buɗe, alluran agogon gaban matuƙi su riƙa rawa har ya kasa karanta su, shi kansa ya sauko a gajiye kamar wanda ya wuni a kan injin niƙa.

Malaminmu na makaniks ya taɓa yi mana lissafin a allo, a lokacin ban ɗauke shi da muhimmanci ba sai don jarrabawa. Duk abu mai nauyi da aka ɗora a kan abu mai lanƙwasa yana da saurin da yake son yin lilo da kansa. Idan bugun da ke zuwa ya yi daidai da wannan saurin, lilon ƙaruwa yake yi, kamar yaron da ake tura wa lilo daidai lokacin da ya dawo. Sai saurin bugun ya ninka na lilon fiye da sau 1.4 kafin jijjigar da ke wucewa ta fara raguwa. Shi ya sa ake zaɓar roba mai laushin da zai sa lilon injin ya kasance ƙasa sosai da saurin aikinsa. Shi ya sa kuma idan an tada jirgin ko an kashe shi za ka ga hancinsa ya yi wata girgiza ta ɗan lokaci, injin ne ke ratsa wannan wuri mai hatsari. Da sifirin ƙarfe ne zai yi ta tsalle. Roba kuwa tana haɗiye wani ɓangare na ƙarfin ta mai da shi zafi a cikinta. Amma fa idan ta yi laushi da yawa injin zai riƙa yawo ya bugi murfi, ya ja wayar totur da tiyon mai. Idan ta yi tauri kuma ba ta da amfani. Dole ta tsaya a tsakiya, kuma ta ci gaba da zama a tsakiyar nan ko tana kusa da kan silinda mai zafin da ke kaiwa digiri 200, ko jirgin ya hau inda iska ta yi sanyi, don kowace ƙafa 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 2. Roba da ba ta canza hali don zafi ko sanyi, wannan shi ne abin da Charles Goodyear ya ƙarar da rayuwarsa a kai, tun ba a san za a yi jirgin sama ba.

An haife shi ranar 29 ga Disamba, 1800 a garin New Haven, jihar Konetikat ta Amurka. Mahaifinsa Amasa maƙerin kayan ƙarfe ne, yana yin maɓallai da kayan noma. Charles bai yi karatun kimiyya ba ko kaɗan. Yana saurayi aka tura shi Filadalfiya ya koyi cinikin kayan ƙarfe, ya dawo ya yi aiki da mahaifinsa, a 1824 ya auri Clarissa Beecher, a 1826 ya buɗe kantin kayan ƙarfe a Filadalfiya. Da farko abin ya yi kyau. Sai ya yi ta ba da kaya bashi, masu karɓa ba su biya ba, ciwon ciki ya kwantar da shi, zuwa 1830 kantin ya rushe. A zamanin nan wanda ya kasa biyan bashi kurkuku ake kai shi. Daga nan ya fara shiga, kuma bai daina shiga da fita ba har kusan ƙarshen ransa.

Ita roba a lokacin sabon abu ce a hannun Turawa. Daga Barazil ake kawo ta, danƙo ne da ake tatsa daga jikin bishiya. Mutanen asalin ƙasashen can sun daɗe da saninta, tun shekaru dubbai suna yin ƙwallo da ita. Turawan Ingila kuwa amfanin farko da suka gano mata shi ne goge rubutun fensir, daga nan ma sunan da muka ara muke cewa roba ya fito. Farkon shekarun 1830 aka yi wani irin zazzaɓin roba a Amurka, kamfanoni suka taso suna yin takalma da riguna da ruwa ba ya ratsawa, mutane suka zuba kuɗi. Sai rani ya zo. Takalma suka narke suka zama kamar ƙullun da ya lalace, ga wari. Da sanyi ya shigo kuma waɗanda suka rage suka sandare suna karyewa. Masu saye suka yi ta dawo da kaya.

A 1834 Goodyear ya shiga kantin kamfanin Roxbury India Rubber a New York. Ya ga wata rigar ceto ta roba da ake hura wa iska, bakin hurawar bai yi masa ba, ya je ya ƙera wanda ya fi shi ya dawo yana neman mai saye. Manajan, maimakon ya saya, sai ya kai shi ɗakin ajiya ya nuna masa tulin kayan da suka ruɓe, ya fahimtar da shi cewa matsalar ba ta bakin hurawa ba ce, robar ce kanta, kuma kamfanin na dab da durƙushewa. Wani mai hankali da ya ga haka sai ya kama gabansa. Shi kuwa a nan ne abin ya shiga ransa. Da ya koma Filadalfiya wani mai binsa bashi ya sa aka tsare shi, kuma masu rubuta tarihinsa sun ce a cikin kurkukun ya fara gwaji, da ɗan danƙo da muburgin murza fulawa na matarsa.

Tunaninsa na farko mai sauƙi ne: abu mai danƙo, a zuba masa busasshiyar hoda. Ya haɗa da hodar maganishiya, ya sami wata farar roba mai kyan gani. Shi da Clarissa da 'ya'yansu suka zauna a kicin suka yi takalma ɗaruruwa. Zafi na zuwa suka narke. Ya koma New York ya gwada dafa haɗin da farar ƙasa, ya ɗauka ya gama, har aka yaba masa, sai aka gano ɗigon ruwan tsami kaɗan ya isa ya dawo da danƙon. Daga baya yana ƙoƙarin goge wani fenti daga jikin roba da asid mai ƙarfi, naitirik, sai ya ga wurin ya yi santsi ya bushe. Hayaƙin asid ɗin nan ya kusa kashe shi a ɗakin gwajinsa. Ya sami wani ɗan kasuwa ya zuba kuɗi, suka kama wata tsohuwar masana'anta a tsibirin Staten, sai rikicin tattalin arzikin 1837 ya share ɗan kasuwar. Iyalin suka zauna a wurin suna cin kifin da yake kamawa. A wannan lokaci har tufafin roba yake sawa yana yawo a titi don talla, mutane na yi masa kallon taɓaɓɓe.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na jakunkunan gidan waya. Gwamnati ta ba shi kwangilar jakar wasiƙu guda 150. Ya yi su da hanyarsa ta asid, ya rataye su a ɗaki, ya yi 'yar tafiya. Yana dawowa ya tarar suna zubowa daga maratayi. Asid ɗin fatar waje kawai yake gyarawa, cikin yana nan ɗanye. Duk wanda furojet ɗinsa ya yi aiki lafiya a hostal sannan ya ƙi tashi ranar difens a gaban malamai ya san ɗan ƙaramin kwatankwacin wannan.

Farar wuta ba shi ya fara kawo ta ba, wannan ya kamata a faɗa. Wani mai suna Nathaniel Hayward, ma'aikacin roba a garin Woburn na jihar Masachusat, shi ne ke barbaɗa farar wuta a jikin roba ya shanya a rana. Goodyear ya ɗauke shi aiki ya sayi haƙƙin dabarar. Ita ma saman kawai take gyarawa. A hunturun 1839, a Woburn ɗin, wani guntun haɗin roba da farar wuta ya taɓa murhun ƙarfe mai zafi. Kowa ya san roba narkewa take yi a wuta, shi ya sa duk masu gwaji ke nisanta ta da zafi. Wannan guntun bai narke ba, ƙonewa ya yi kamar fata, kuma a gefen ƙunar akwai wani siririn layi da ya dahu daidai, yana miƙewa yana dawowa, ba danƙo. Ya kafa shi da ƙusa a waje ya kwana cikin sanyin ƙanƙara, da safe ya same shi da laushinsa.

Littattafan yara suna ba da labarin nan kamar sa'a ce kawai, wai roba ta suɓuce ta faɗa kan murhu. Shi kansa Goodyear bai yarda da wannan fassara ba, ni ma ban yarda ba. Mutum nawa ne roba ta ƙone a hannunsu suka jefar? Wanda ya shekara biyar yana murza ta ne zai tsaya ya dubi gefen ƙuna. Abin da ya fi haka ma, murhun bai ba shi amsa ba, tambaya ya ba shi: zafi nawa, na tsawon wane lokaci, farar wuta nawa? Wannan ya ci masa wasu shekaru biyar, kuma su ne mafi muni a rayuwarsa. Ya gasa roba a tandar matarsa, ya riƙe ta a bakin butar shayi, ya binne ta a yashi mai zafi, ya riƙa bin masana'antu yana roƙon a bar shi ya yi amfani da wutarsu bayan an tashi aiki. Ya jinginar da kayan ɗaki, ya sayar har da littattafan makarantar 'ya'yansa. Maƙwabta ne ke taimaka musu da abinci. A 1840 ya je Boston neman rance, bai samu ba, aka tsare shi kan kuɗin masauki dala 5, da ya dawo gida ya tarar ƙaramin ɗansa ya rasu. Cikin 'ya'ya goma sha biyu da aka haifa masa shida ba su wuce ƙuruciya ba.

A nan ne nake tsayawa in yi shiru duk lokacin da na zo. Mu ɗalibai muna son labarin mai naci, ana kawo mana shi a lakcar koyon sana'a don a zaburar da mu. Amma nacin nan ba shi kaɗai ya biya kuɗinsa ba. Clarissa ta biya, yaran sun biya, kuma ba a tambaye su ba. Da ɗan uwana ne yake haka, ga yara ba abinci yana gasa roba a tanda, wallahi da ina cikin masu zuwa su yi masa faɗa ya nemi aikin yi. Yau da muka san ƙarshen labarin ne muke tafa masa. Mutane nawa suka yi irin wannan nacin a kan abin da bai fito ba, ba wanda ya rubuta sunansu.

Abin da ya gano a ƙarshe shi ne tururi mai matsi, zafin kusan digiri 130, na sa'o'i da dama, shi ke dafa haɗin ciki da waje bai ɗaya. Surukinsa William De Forest, mai sana'ar ulu, shi ya yi ta zuba masa kuɗi har abin ya kai ga masana'anta. Ranar 15 ga Yuni, 1844 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar fasaha mai lamba 3,633.

Shi bai san dalilin da ya sa abin ke aiki ba, kuma ba wanda ya sani a zamaninsa. Sai wajen 1920 ne wani Bajamushe masanin sinadarai, Hermann Staudinger, ya kawo bayanin cewa irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne. Ɗanyar roba kamar taliya ce a kwano: da zafi zaren na zamewa a kan juna, abu ya kwarara, da sanyi su manne su sandare. Idan aka dafa da farar wuta, ita ke shiga tsakani tana ɗaure wannan zare da wancan a wurare daban-daban, sai kwanon duka ya zama raga ɗaya. Ka ja ta miƙe, ka saki ta koma. Farar wuta kaɗan, roba mai laushi. Da yawa, ta zama baƙin abu mai tauri kamar ƙaho, wanda ƙaninsa Nelson ya yi wa rajista a 1851. Wato da yawan ɗaurin ake saita taurin, kuma wannan shi ne ya ba injiniyoyin baya damar su ce muna son roba mai laushi kaza don injin mai nauyi kaza.

Sai kuma kuskuren da ya kamata duk mai furojet ya sani. Tun kafin ya yi rajista, Goodyear ya aika samfurin robarsa Ingila ta hannun wani Stephen Moulton don neman masu saye, bai faɗi yadda ya yi ba. Samfurin ya isa hannun Thomas Hancock, wanda ya fi shekara ashirin yana aikin roba a Landan, shi ya ƙera injin niƙa ta, ba ƙaramin gwani ba ne. Hancock ya ga alamar farar wuta a jiki, ya shiga ɗakin gwajinsa, a Nuwamban 1843 ya shigar da takardar mallaka a Ingila. Da ta Goodyear ta iso bayan 'yan makonni, an riga shi. Har sunan da ake kiran aikin da shi daga wajen Hancock ya fito: abokinsa William Brockedon ne ya laƙaba masa sunan Vulcan, gunkin wuta da ƙira na Rumawan da. Shi ne sunan da ya gangaro har bakin titinmu, mai facin taya da muke ce wa falkanaiza ko bokanaiza, kowa da yadda bakinsa ya iya. Ni ban ce Hancock ɓarawo ba ne, ya yi nasa gwajin da hannunsa. Amma samfurin wani ne ya nuna masa cewa ƙofar a buɗe take.

A gida Amurka ma bai huta ba. Dabarar ba ta da wuyar kwaikwayo da zarar ka ji ta, masu satar fasaha suka yi yawa, shi kuma yana sayar da lasisi da araha don kullum a matse yake. Babbar shari'arsa ita ce ta 1852 a Trenton, jihar New Jersey, tsakaninsa da wani Horace Day. Masu lasisinsa suka ɗauko masa Daniel Webster, wanda a lokacin shi ne sakataren harkokin wajen Amurka, aka biya shi dala 15,000, kuɗin da shi mai fasahar bai taɓa riƙe irinsa hankali kwance ba. An ci shari'ar, satar ba ta tsaya ba.

Kuma gaskiya shi ma ba ya iya riƙe kuɗi. Duk abin da ya shigo sai ya koma gwaji da baje koli. A babban baje kolin Landan na 1851 ya ci bashi ya gina rumfa guda da komai na ciki roba ne, kujeru, tebura, kayan ado. A na Faris na 1855 ya yi wanda ya fi shi. Ya rubuta littafi a kan roba har aka buga wasu kwafi a kan takardar roba. A Ingila ya yi ƙara kan haƙƙinsa ya faɗi, a Faransa aka soke rajistarsa kan wata ƙa'idar shari'a. Sarki Napoleon na III ya ba shi babbar lambar girma ta ƙasar, lambar ta same shi yana tsare a gidan yarin masu bashi a Faris. Clarissa ba ta ga wannan ba, ta rasu a Ingila a 1853. Ya sake aure, ya koma Amurka jiki ya ƙi. A 1860 aka aiko masa 'yarsa ba lafiya, ya kama hanya, yana isa New York aka gaya masa ta cika. Ya yanke jiki ya faɗi, aka kai shi otal, ya rasu ranar 1 ga Yuli yana da shekara 59. Bashin da ya bari ya kai kusan dala 200,000. An binne shi a New Haven. Kamfanin tayar da ke ɗauke da sunansa, wani Frank Seiberling ne ya kafa shi a Akron, jihar Ohayo, a 1898, shekara 38 bayan rasuwarsa, don girmamawa kawai, ba dangin iya ba na baba.

Daga kabarinsa zuwa robar da na gani a rumfar jirage akwai sauran tafiya. Jirgin 'yan uwan nan Wright ya tashi a 1903, kuma injinan jiragen farko kai tsaye ake ɗaure su a katako ko ƙarfe. Abin da ya rage shi ne yadda za a manna dafaffiyar roba da ƙarfe ta kama ƙam ba ta ɓalle ba. Wani lauya a garin Erie na jihar Pensilbaniya, Hugh Lord, ya duƙufa a kan wannan, ya kafa kamfaninsa a 1924. Abin dariyar, lauyan rajistar fasaha ne, wato irin mutumin da Goodyear ya rasa a kusa da shi lokacin da yake aika samfuri Ingila. Har yau kanikawan jirage da yawa robar injin ko ta wane kamfani ce Lord suke ce mata, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo. A 1938 wasu injiniyoyi biyu, Taylor da Browne, suka fitar da dabarar karkata robobin yadda idan ka ja layi ta tsakiyar kowacce, layukan za su haɗu a kusa da cibiyar nauyin injin. Da haka injin da aka riƙe ta baya kawai sai ya riƙa motsi kamar a tsakiyarsa aka riƙe shi, ba ya rinjaya gaba yana kaɗa kai. Wannan tsari shi ake kira Dynafocal, shi ne a jikin jirgin da aka nuna mini. Tsofaffin jirage da yawa na da robobi masu siffar mazurari da ke kallon gaba kai tsaye, sun fi araha, sun fi kuma bari jijjiga ta wuce.

Haɗin robar yau ya wuce na Goodyear nesa, akwai sinadaran hanzarta dahuwa, akwai robobin da ba daga bishiya suka fito ba. Amma raunin da ya yi yaƙi da shi bai mutu ba, jinkirta shi aka yi. Zafin salansa na busar da ita, baƙin mai da fetur idan suna ɗiga a kai suna kumbura ta, iska na tsattsaga fatarta, nauyin injin kuma na danne ta shekara da shekaru har ta daina dawowa. Injiniyan ya sa na shafa tsofaffin da muka cire: na ƙasa sun baje, ɗaya ta yi ƙyalli da tauri a gefen da ke kallon salansa, wata kuma robar ta fara rabuwa da faifan ƙarfenta. Ya nuna mini wata saƙaƙƙiyar wayar tagulla da ta tsallake robar daga injin zuwa firam. Tunda roba ba ta wuce da lantarki, in ba wannan wayar, wutar sitata sai ta nemi hanya ta wayar totur ko wani abin da bai kamata ba. Wannan ban taɓa jin sa a aji ba.

Aka ɗaga injin da ƙugiya, aka sa sababbi bisa lambar da littafin jirgin ya faɗa, na sama da na ƙasa kowanne da yadda ake juya shi, aka ɗaure da sifanar awo, aka sa fin, ya rubuta a littafi ya sa hannu. Da aka mai da murfi hular farfela ta dawo daidai layinta. Na roƙe shi ya bar mini ɗaya daga cikin tsofaffin in kai makaranta. Ya yarda, amma sai da ya sa ta a bais ya raba ta biyu da zarto, don ƙa'ida ce kayan jirgi da aka yanke wa hukunci a lalata su kada wani ya wanke ya sayar. Rabin na wurina a hostal, ina danne takardu da shi. Ɗaya rabin na ba malaminmu na makaniks, yana kan teburinsa, duk mai son gani ya je ofishinsa bayan lakca.